Sunan kasuwanci ko kamfani: wace rajista ta dace da mu uku masu sana'ar fata?

Ɗan Ƙofar Rini:
Assalamu alaikum. Ni da ƙanena muna sayen fatun jar akuya a kasuwannin ƙauye kamar Illela da Achida, muna kai wa masu jima a Kano. Yanzu kawunmu ya amince ya zuba kuɗi domin mu faɗaɗa, amma ya ce ba zai shiga harkar saye da sayarwa ba, kasonsa na riba kawai yake so. Wasu sun ce mu yi rajistar sunan kasuwanci domin ta fi araha, wasu kuma sun ce sai kamfani mai Ltd a ƙarshen suna. Ina neman shawarar masana kafin mu karɓi kuɗin.

Lauya daga Mabera:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ku duba kuɗin rajista, ku duba wanda bashi zai hau kansa idan kasuwa ta juya. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan 2020, sunan kasuwanci da aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, ba ya raba mutum da sana'arsa. Idan motar fatu ta lalace a hanya kuma masu bin bashi suka taso, suna iya bin gidanku da gonarku, har da na kawunku idan sunansa yana cikin masu haɗin gwiwar, ko da kuwa bai taɓa taka kasuwa ba.

Kamfani kuwa doka tana ɗaukarsa a matsayin mutum mai zaman kansa, yana mallakar dukiya, yana cin bashi, ana kai shi ƙara da sunansa, kuma asarar mai hannun jari ba ta wuce abin da ya ɗauki alkawarin zubawa ba. Mafi ƙarancin jarin hannayen da ake bayyanawa ga kamfani mai zaman kansa shi ne naira 100,000, kuma tun 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa shi. A tsarinku, ku biyu za ku zama daraktoci, kawu ya tsaya a mai hannun jari. Sai dai ku sani cewa banki yakan nemi darakta ya tsaya wa rance da kansa, kuma duk ranar da kuka sa hannu a irin wannan takarda, kariyar ta tashi a kan wannan bashin.

Malamin zaure, Gidan Igwai:
Allah ya saka wa Lauya da alheri. Abin da kawunku ya nema shi ne abin da malaman Malikiyya ke kira ƙiradi: ɗaya ya ba da dukiya, ɗaya ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka yanka tun farko, kamar rabi ko sulusi. Ba ya halatta a yanka masa wani adadin kuɗi tsayayye kowane wata, kuma idan aka yi asara ba tare da sakaci ba, a kan dukiyarsa take, ku kuma wahalarku ce ta tafi. Ku fahimtar da shi wannan tun yanzu, a gaban shaidu, a rubuce.

Sannan ku tuna da mutuwa, domin ita ce ke wargaza yawancin kasuwancin gida a garin nan. Haɗin gwiwar da ba ta da rubutacciyar yarjejeniya takan watse da rasuwar mutum ɗaya, magada su ce a sayar da kaya a raba. A kamfani, hannun jarin mamaci ne ke shiga gado, sana'ar kuma ta ci gaba da tafiya.

Akanta a Runjin Sambo:
Ban ƙi maganar manya ba, amma kamfani yana da ɗawainiya da ba a faɗa ba. Dole ne a riƙa shigar da rahoton shekara a CAC, a raba asusun kamfani da aljihun darakta, a kuma shigar da bayanin haraji a hukumar tarayya ko da ƙaramin kamfani ne da aka ɗauke wa biya. Mai sunan kasuwanci kuwa harajinsa na mutum ne, hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar Sakkwato yake biya. Wanda ya san ba zai riƙe littafin lissafi ba, tara ce kawai zai tara wa kansa.

Ɗan Ƙofar Rini:
Na gode ƙwarai. Lauya, ranka ya daɗe, shin babu wani tsari tsakanin biyun nan? Kuma muna da burin fitar da fata waje nan gaba.

Lauya daga Mabera:
Akwai. Dokar 2020 ta kawo haɗin gwiwa mai iyaka, inda kawu zai zama abokin tarayyar da asararsa ta tsaya a kan jarinsa muddin bai sa hannu a gudanarwa ba, ku kuma ku ɗauki nauyin bashin gaba ɗaya. Ya yi kama da ƙiradin da Malam ya bayyana. Amma tunda kun ambaci fitar da kaya, ni kamfani zan zaɓa muku, domin hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, wato NEPC, kamfanoni da ƙungiyoyin gama-kai take ba takardar shaidar fitarwa, ba masu sunan kasuwanci ba. Ku zauna da kawu ku yanke kason kowa, da wanda zai sa hannu a asusun banki, da yadda za a kimanta hannun wanda ya so fita, sannan ku kawo wa lauya ya shigar da su cikin takardun kafa kamfanin.