Wane suna za mu raɗa wa WebView da Hausa?

1/ Jama'a, ku taya ni neman suna. Ka taɓa danna wani adireshin intanet a cikin manhaja, shafin ya buɗe nan take ba tare da ka fita zuwa Chrome ba? Abin da ya buɗe shi burauza ce da aka cire mata sandar adireshi da maɓallai, aka saka ta a cikin manhajar. A Android sunanta WebView.

2/ Injina biyu ne a cikinta. Ɗaya yana karanta HTML da CSS (rubutun da ke faɗin abin da ke cikin shafi da kamanninsa) ya zana shafin a fuskar waya: Blink a Chromium (tushen da aka gina Chrome da WebView a kansa), WebKit a iPhone. Ɗayan yana zartar da umarnin JavaScript (yaren da ake rubuta ayyukan shafi da shi), kamar V8 na Chromium. Waɗannan ba su ba ni wahala ba: injin zanen shafi, da injin zartar da umarni.

3/ Sunan abin gaba ɗaya ne ya tsaya min a rai. Wani ɗalibina ya ce "tagar intanet". Ta yi daɗin faɗi, amma ban karɓa ba. Taga leƙe ake yi ta cikinta, abin kallon yana waje. Nan kuwa a cikin manhajar ake aikin, ita ke ɗaukar nauyin.

4/ Ni "dasasshiyar burauza" na zaɓa, a taƙaice "dashe". Duk wanda ya yi noman rani ya san yadda ake renon tumatir a wuri guda, idan ya yi ƙwari a tumɓuke shi da ƙasar jikinsa a kai shi wani fegi. Can zai ci gaba da rayuwa, can zai sha ruwa. Haka Chromium take: a wani wuri aka rene ta, aka dasa ta a manhajojin Spotify da Steam na kwamfuta ta hanyar CEF, aka dasa ta a VS Code da Discord ta hanyar Electron (CEF da Electron kayan aiki ne na saka Chromium a cikin manhaja). Kalmar kuma tana ba mu aikatau a kyauta: "mun dasa burauza a manhajarmu."

5/ Dashen iri biyu ne. Akwai na kashin kai, irin na Electron, inda kowace manhaja ke ɗauke da tata Chromium ɗin, shi ya sa take da nauyi. Akwai na haɗaka, irin na Android, inda manhajoji da yawa ke amfani da guda ɗaya, wadda tun 2014 ake sabunta ta ta Play Store. A watan Maris na 2021 sabuntawa ɗaya ta zo da matsala, Gmail da wasu manhajoji da dama suka riƙa rufe kansu a wayoyin mutane.

6/ 'Yan uwa na Sakkwato da Damagaram, "dashe" ya zauna a bakinku, ko kuna da wadda ta fi ta?