Wutar layi ko batir? Ku taimaka kafin in zuba tsakuwa

Baban Yara: Assalamu alaikum. Na share wurin da zan shimfiɗa layin jirgin ƙasa na wasa a lambun bayan gida, mai faɗin milimita 45, zagaye ɗaya kamar mita 40. Layin tagulla ne, na riga na saya. Ina da kan jirgi biyu ƙirar kamfanin LGB masu shan wuta daga layi. Taransifoma zai zauna a ɗaki, tsakaninsa da layin mita 20 ne. In binne waya in ba layin wuta, ko in mayar da jiragen na batir da rimot? Idan waya ce, mai wane kauri? Ba na son tono sau biyu.

Mai Batir: Wa alaikumus salam. Ka sayi layin alminiyom kawai, ya fi araha, tunda ba wuta zai ɗauka ba. Batirin litiyom huɗu a jere sun ba ka bolt 14.8, ka ɓoye su a taragon farko, shike nan.

Baban Yara: Malam, na ce na riga na sayi na tagulla.

Kawu Injiniya: Ɗana, wayar ce za ta cuce ka ko ta cece ka. Mita 20 zuwa, 20 dawowa, wuta za ta bi mita 40 ke nan. Idan jiragen da fitilunsu suka ja amfiya 5, siririyar waya mai kaurin murabba'in milimita 0.75 za ta cinye kusan bolt 5 a hanya, mai 2.5 kuwa bai kai bolt 1.5 ba. Ka ɗauki mai 2.5, ka zagaya da ita gefen layin cikin bututu, ka riƙa ciro reshe kana liƙawa a layin nan da can. Kada ka dogara da 'yan ƙarafan da ke haɗa layi da layi, ƙasa na shiga cikinsu, ka sa masu ɗaurewa da sukuru. Wutar gida kuma kada ta leƙa lambu ko kaɗan, abin da zai fita kada ya wuce bolt 24, soket ɗin kuma ya kasance bayan na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta sami yoyo, mai miliamfiya 30.

Tsohon Direba: Hmm. Duk wanda ya ce ka binne waya bai ga abin da na gani ba. Na ɗauko mai gyaran wuta, na ba shi bututu, na ba shi waya, na tafi aiki. Ashe bututun ya ajiye a bayan tankin ruwa, ya turbuɗe wayar haka nan tsirara, inda ya yi haɗi kuma ya naɗe da salatif. Da rani lafiya lau. Ruwan farko na sauka, jirgi ya fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa, ya zo kwana ta nesa ya tsaya cik, fitila na ƙifce. Na goge layi har hannuna ya yi kanta. Na sauya taransifoma. Na kwance jirgin da ba ruwansa, na ɓatar da sukurori biyu a ciyawa. Da na gaji na tona, jan ƙarfen wayar ya zama kore, yana marmashewa a yatsa, gefe guda kuma ɓera ya yi kalaci da robar. Na kira shi, wai ƙasar gidana ce ke da gishiri! Tsakuwar da na jera da hannuna duk sai da na kwashe.

Mai Batir: Ka ji ko? Batir ba ruwansa da ɓera.

Kawu Injiniya: Wannan laifin ma'aikaci ne, ba laifin waya ba.

Anti Mai Fure: Ni dai abin da na kashe wajen mayar da jirgi ɗaya na batir, da rimot da caja, ya fi kuɗin duk wayar da ke lambuna.

Mai Batir: Haba Anti, an dai tsuga miki. Ni na mayar da biyu, kuma rabin kuɗin wayar da Kawu ke lissafawa ban kashe ba.

Anti Mai Fure: Kai da kanka ka haɗa, ni biya na yi. Kuma jikokina na zuwa ka ji an ce ba caji.

Ɗan Auta: Ku sayi mai tururi na gaske mana, gas da ruwa kawai. In ya tsaya ma ka san ba da kai yake faɗa ba 😂

Mai Batir: Da girmamawa Kawu, layinka a cikin ɗaki yake. Wanda bai taɓa kankare kashin tsuntsu daga kan tagulla ba bai kamata ya yi mana fatawar lambu ba.

Kawu Injiniya: Yaro, lissafin wuta bai san ɗaki da waje ba. Tun 1968 da LGB suka fito da jiragen nan a Jamus, da wutar layi ake tuƙa su a waje. Kai kuma da ka san lambu, ka gaya wa Baban Yara tagulla na miƙewa a rana? Layin mita 10, zafi ya ƙaru da digiri 30, zai ƙara kusan milimita 6. Ko batir ne a ciki, layin da aka matse ba sarari sai ya karkace.

Baban Yara: Na gode duka. To idan na zaɓi wutar layi, gogewar nan kullum ce?

Anti Mai Fure: Ya danganta. Tayoyin roba sun fi barin dauɗa, da na koma na ƙarfe abin ya ragu. Amma Malam Direba ya tuna mini, mai yi mini aski wa ciyawa ya sare reshen waya biyu da almakashi, ya tura su ƙarƙashin tsakuwa ya yi shiru.

Tsohon Direba: Ai halinsu ɗaya, Hajiya. Nawa har yau bututun yana bayan tanki, kuma ya aiko yaronsa karɓar cikon kuɗi.

Ɗan Auta: Baba ka biya?

Tsohon Direba: Na ce ya zo da kansa, shebur na jiransa.