Baƙaƙen da suka haɗu ba wasali: wane suna za mu ba su?

1/ Jama'a, mu da ke ƙirƙirar harshe tare a nan Kaduna mun iso kan zaɓen sautuka, sai muka maƙale a wuri guda: baƙi biyu ko uku su jeru babu wasali tsakaninsu, abin da Turawa ke kira consonant cluster. Muhawara ta ƙi tafiya da Hausa don abin ba shi da suna a bakinmu.

2/ Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu. Ku shiga kasuwar Panteka ku saurari makanikai: birki, kuloci, direba, sufana. Duk inda Bature ya haɗe baƙaƙe a farkon kalma, sai bakinmu ya cusa wasali ya raba su.

3/ Wani ɗan'uwa ya kawo "tagwayen baƙaƙe". Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Tagwaye biyu ne, alhali Esperanto, ƙirƙirarren harshen da Zamenhof ya fitar a 1887, yana da "strato", wato titi, baƙi uku a jere. Sannan sunan zai rikita mu da sh da ts da gw, inda haruffa biyu ke ɗauke da sauti ɗaya. Haka gb na 'yan'uwanmu Gbagyi yake.

4/ Ni dai "cunkoson baƙaƙe" nake goyon baya. Kuma tunda malaman nahawu sun ba mu ɗafa-goshi da ɗafa-ciki da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake yi wa kalma a farko ko tsakiya ko ƙarshe, mu bi sawunsu: cunkoson goshi a farkon kalma, na ciki a tsakiya, na ƙeya a ƙarshe. Na ciki ba baƙonmu ba ne. Muna cewa fuska, sarki, tambaya, saboda baƙi ɗaya ya rufe gaɓa, ɗayan ya buɗe ta gaba: fus-ka.

5/ Da wannan rabon za mu iya zaɓe da idon basira. Dubi wasu ƙirƙirarrun harsuna biyu: Lojban ya wajabta cunkoso a kowane tushen kalma, har ya yarda da nau'i 48 a goshi. Toki Pona na Sonja Lang, daga 2001, haruffa 14 ne kacal, ba cunkoson goshi, kuma n kaɗai ke rufe gaɓa.

6/ Shawarata ga harshen da muke ƙirƙira: a hana na goshi da na ƙeya, a bar na ciki in baƙin farko n ne ko m, r, l, s. Wanda ke son "str" ya fara gwada shi a bakin kakarsa tukuna, sai ya dawo mu yi magana.