Mutum-mutumin Ganesha na katako ya tsage da hunturu: yaya zan gyara shi?

Kafinta, Sabon Gari, Kano:

Salamu alaikum manyanmu a sana'a. Wani Ba'indiye da ke aiki a Bompai ya kawo mini gyaran mutum-mutumin Ganesha, abin bautarsu mai kan giwa, sassaƙar hannu daga jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya. Tsayinsa santimita 60, faɗi kamar 25. A watan Satumba ya iso Kano lafiya lau, yanzu da hunturu ya kama bayansa ya tsage daga ƙeya har gindi, inda ya fi buɗewa milimita 6. Hannu ɗaya ya karye a wuyan hannu amma guntun yana nan, haure ɗaya ya guntule, ga 'yan huji a gindi suna zubo gari. Niyyata in cika tsagar da gam mai tauri na epoxy da garin katako, in matse, in kafa hannun da ƙusa, in sassaƙa sabon haure, in bi da sanfefa da banish. Akwai gyara a wannan tsarin?

Tsohon masassaƙi, Zariya:

Wa alaikumus salam. Yaro, ajiye abin matsewar nan tukuna. Sassaƙa mai wannan girman daga gungume ɗaya ake fitar da ita, kuma sau da yawa zuciyar itacen tana ciki. Kifa shi ka duba gindi: in ka ga zoben shekaru sun kewaye ɗigo guda, tsagar kuma ta nufi ɗigon, to ka ga dalili. Itace in yana bushewa, ƙanƙancewarsa ta kewaye ta kusa ninka ta daga ɓawo zuwa tsakiya, don haka dole wani wuri ya buɗe. Abin da ke fasa sabon turmi ke nan in an bar shi a iskar hunturu.

Ga lissafin. Inda danshin iska ya kai kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari, katako yana riƙe ruwa kamar kashi 15 na nauyinsa. A Kano cikin Janairu danshin yakan sauka ƙasa da kashi 20, katako ya koma kashi 4 ko 5. Kewayen abu mai faɗin santimita 25 ya kusa santimita 80, kashi ɗaya kacal cikin ɗari na wannan milimita 8 ne. Ka ga milimita 6 ɗinka ba abin mamaki ba ne. In ka matse ka manne yanzu, ƙarfin da ya buɗe bayan zai nemi wata hanya, wataƙila ta fuska. In kuwa ka cika da epoxy, da damina itacen zai kumbura ya nemi rufewa, ya tarar da abu mai tauri kamar dutse a tsakani, tsagar ta ƙara tsawo. Tsagar baya rahama ce, a can ake son ta.

Malamar fasaha, Jos:

Baba ya gama magana kan tsaga. Ni hauren nan ne ya tayar mini da hankali. Malam, kada ka taɓa shi sai ka duba da kyau. Ganesha da haure ɗaya karyayye ake siffanta shi, har ɗaya daga cikin sunayensa Ekadanta, wato mai haure ɗaya, kuma a sassaƙar kudancin Indiya galibi guntun yana riƙe a ɗaya daga hannuwansa na ƙasa, tunda yawanci hannu huɗu ake yi masa. In bakin hauren a goge yake, launinsa ɗaya da sauran jikin, haka aka yi shi. Sai in ka ga farin katako sabo da tsartse ne za a ce karaya ce.

Sannan masassaƙan can ba da ka suke aiki ba. Suna da ma'auni da ake kira tala, tsawon fuska daga goshi zuwa haɓa, wanda ya kasu gida 12. Manyan alloli irin su Vishnu da Shiva tsayin tala 10 ake ba su, Ganesha kuwa galibi tala 5, shi ya sa yake gajere mai tumbi. Abin da kowane hannu ya riƙe da yadda yatsu suka tsaya duk da ma'anarsu: igiya, ƙugiyar kora giwa, alewar da suke kira modak, tafin hannu a buɗe. Saboda haka in ka mayar da hannun ya ɗan karkace, mai shi zai gani nan take ko da kai ba ka gani ba. Ka roƙe shi hoton da ya ɗauka kafin ya karye.

Tambayoyi biyu za ka yi masa kafin komai. Na farko, na ado ne ko na ɗakin ibada? Da yawa daga mabiya Hindu ba sa ci gaba da ibada da wanda ya karye, ko an gyara, don haka shi zai faɗi iyakar aikin da yake so. Na biyu, gam. Gam ɗin fata da ƙashi da masu gyaran tsofaffin kaya suke so, daga saniya ake yawan samunsa, kuma ka san matsayin saniya a wurinsu. Kada ka sa sai da yardarsa. Jan gari ko rawaya da za ka gani a goshi da ƙafafu ba datti ba ne, kumkum ne da kurkum da niƙaƙƙen itacen sandal mai ƙamshi da ake shafawa wajen ibada.

Batun irin itacen: garuruwan da suka yi suna a Tamil Nadu su ne Kallakurichi da Arumbavur da Thammampatti, kuma sun fi aiki da itacen da suke kira vaagai, da mangwaro, da vengai wanda ɗan'uwan madobiyarmu ne. In ka ji shi da maiƙo a hannu da ɗan warin fata, itacen tik (teak) ne. Sandal tsada gare shi ƙwarai, da wuya a yi mai santimita 60 da shi, don haka ƙamshi kaɗai kada ya ruɗe ka, shafa turaren ake yi.

Kafinta, Sabon Gari, Kano:

Na gode Baba, na gode Malama. Na duba, zuciyar tana gindi kamar yadda Baba ya ce, hauren kuma a goge yake, guntun ma ga shi a hannunsa. Mai shi ya ce na falo ne, kuma a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki yake ajiye. To yanzu ta ina zan fara?

Mai adana kayan tarihi, Kaduna:

Ta ƙwarin za ka fara, don gyara a kan itacen da ake ci ɓata lokaci ne. Goge garin, ka ɗora mutum-mutumin a kan baƙar takarda mako biyu ba tare da an motsa shi ba. In sabon gari mai laushi kamar fulawa ya taru ƙarƙashin huji masu faɗin milimita 1 zuwa 2, ƙwaron yana raye. Ba gara ba ce, ɗan ƙaramin buzuzu ne da tsutsarsa ke cin farin ɓangaren itace na kusa da ɓawo, inda sitaci yake. Mangwaro da vaagai suna fama da shi.

A gidajen tarihi ana nannaɗe abu a leda, a fitar da iska, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili har mako guda, sannan a bar shi ya huce a cikin ledar kwana ɗaya ko biyu. Amma sai inda wuta ba ta ɗaukewa, kuma abin da ya riga ya tsage ban so a ƙara masa wahala. Tunda a gindi kawai hujin yake, sami maganin ƙwarin katako mai permethrin, ka ɗura da sirinji huji bayan huji, ka shafe ƙasan gindin, ka maimaita bayan mako uku. Baƙin mai da gas da kananzir suna shiga itace su bar tabo da wari har abada. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa buhun wake kuwa kada ta shigo shago ko gida, hayaƙinta yana kashe mutum.

Bayan nan sai tsagar. A ɗauke shi daga ƙarƙashin na'urar, don tana ƙara busar da iska. Sa shi cikin kwali babba ko kabad, da kwanon ruwa a gefe wanda ba ya taɓa katakon, da ɗan agogon auna danshi. Abin nema kashi 45 zuwa 55. Kada ka jiƙa shi, kada ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yi alama da fensir a wuri uku a bakin tsagar, ka riƙa aunawa duk mako. Cikin mako huɗu zuwa shida za ka ga ta ragu, wataƙila zuwa milimita 3 ko 4. Sai awo ya tsaya mako biyu a jere za ka cike.

Cikon da katako mai laushi ake yi, wanda ya fi na jikin taushi, kamar obeche busasshe, don in damina ta zo shi zai matsu, ba sassaƙar ba. Fere shi siriri kamar bakin gatari, jijiyarsa ta bi tsawon tsagar, guntu-guntu na santimita 8 zuwa 10 don tsaga ba ta miƙe ba. Ya shiga da turin yatsa, ban da guduma. Gam a gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen a bar shi sake. Bar shi ya ɗan fito, in ya bushe ka daidaita da kurfi mai kaifi, ka rina cikon kaɗai. Siraran tsagogin da ba su kai milimita 1 ba, kakin zuma mai launi ya ishe su.

Mai gyaran kujeru, Katsina:

Yallaɓai, a kan tsaga na yarda, amma hannun fa? Ni a ganina nan epoxy ya dace. Wuyan hannu siriri ne, jijiyar itacen a gicciye take a wurin, shi ya sa ya karye tun farko.

Mai adana kayan tarihi, Kaduna:

Ƙarfin epoxy ne matsalarsa. In abin ya sake faɗuwa, ba a tsohon wurin zai karye ba, sabon wuri zai nema, kuma ba ya ɓanɓaruwa in an yi kuskuren saiti. Farin gam na kafintoci ya wadatar in karayar sabuwa ce kuma bakunan sun haɗu tsaf. Gwada haɗawa ba gam tukuna. Kada a goge bakin karayar da sanfefa, waɗannan tsartsen su ne makullin. In wuyan hannun ya kai kaurin santimita 2, sa turken gora mai kaurin milimita 4 ko 5, zurfin santimita ɗaya da rabi kowane gefe. Don hujin biyu su dace, ɗiga alli a tsakiyar gefe ɗaya ka haɗa, zai bar alama a ɗayan, kuma ka ɗan faɗaɗa huji ɗaya don ka samu damar saiti. Ɗaure da robar tayar keke da aka yanka siriri, da tsumma a ƙarƙashi, awa 24. Gam ɗin da ya fito a goge da ɗanyen tsumma nan take, in ya bushe rini ba ya kama wurin. Ƙusar ƙarfe tana tsatsa, ta baƙanta itacen, ta kuma fasa shi.

Tsohon masassaƙi, Zariya:

Sanfefa da banish ɗin nan ma a bar su. Sawun kurfi da ke jikin kambi da sarƙoƙi shi ne shaidar aikin hannu, shi ne kuɗin abin. Ka goge shi, ya zama kamar na inji. Ɗiga sifirit a auduga ka taɓa wani lungu a baya: in ya yi danƙo, shelak ne a jiki, wani irin banish da sifirit ke narkarwa, wanda Indiyawa suka fi amfani da shi, kuma da shi za ka taɓa wurin gyaran. Ƙura da burushi mai laushi ake cire ta. In ana son sheƙi, kakin zuma kashi 1, tafentain (man tsinka fenti) kashi 3, a narka cikin kwano da aka ɗora a ruwan zafi nesa da wuta, a shafa kaɗan, bayan awa ɗaya a goge. Man gyaɗa da man ja suna hamami, su kama ƙura.

Wani ya yi mini maganar ko ya halatta Musulmi ya karɓi irin wannan aiki. Wannan ka kai wa malaminka, mu nan katako muka sani.

Mai sayar da kayan sassaƙa, Akara, Ghana:

Maigida, ƙari kaɗan daga gefen kasuwa. Ka ɗauki hoto ta kowane gefe kafin ka fara, ka kuma gaya wa mai shi tun yanzu cewa layin cikon zai ɗan buɗe duk hunturu ya rufe da damina, don kada ya dawo cikin Fabrairu yana cewa aikinka ne bai yi ba. Mu nan bakin teku fumfuna ce damuwarmu, ku kuwa bushewa, don haka kayan da ya zauna lafiya a Akara ko Legas ba shi ne zai zauna lafiya a Kano ba.

In zai sake saye, ya duba gindi ya zaɓi wanda aka fitar daga rabin gungume, ba zuciya a ciki, ko wanda aka rarake bayansa. Ya tambayi tsawon lokacin da itacen ya yi yana bushewa, don ƙa'idar da aka saba ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, kuma masu gaggawar kasuwa ba sa jira. In baƙin itacen nan ne na dangin Dalbergia, wanda suke kira shisham, tun 2017 yana cikin jerin yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, kamar madobiya, ya nemi takardarsa daga mai sayarwa kafin a ɗoro shi jirgi. Ya kuma sa kayan su iso da damina, a bar su cikin ledarsu da 'yan huji mako uku ko huɗu kafin a fito da su falo.