"Ƙwarya ta bi ƙwarya": ƙabila ake nufi ko kuwa?

Ɗan Fagge: Jama'a, a yi mini fashin baƙin wannan: "Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe." Ƙanena ne yake neman wata Bayarabiya 'yar Ibadan, Musulma, sai kawunmu ya tare shi da wannan karin magana. Ta hau nan kuwa?

Malamin Zaure: Ba ta hau ba. Ƙwarya daga duma ake fafe ta, ba nauyi. Akushi itace ne sassaƙaƙƙe. In suka yi karo an san mai tsagewa. Zancen fin ƙarfi ake yi, kamar talaka ya kai kansa gidan attajiri. Tsakanin Bahaushe da Bayarabe wane ne akushin? Ko a fiƙihun Malikiyya, wajen kufu'i, wato dacewar miji da mata, addini ake dubawa da kuɓuta daga aibu, ba yare ba.

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, a takarda haka ne. Ni Bakatsiniya ce, mijina ɗan Ilorin, kuma ina gaya maka amarya ce ƙwaryar. Ita ke shiga gidan da ake dariya a tsakar gida ba ta san da ita ake ba. Farkon zuwana ko amala ba ta wuce mini, uwar mijina ta ɗauka raina girkinta nake. Sai da na iya gaisuwarsu, gwiwa biyu a ƙasa, sannan ta sake da ni. Kawun nan ba ƙiyayya yake ba, tsoro yake ji, amma yarinyar ya kamata a ji wa.

Ɗan Zangon Kumasi: Janar Murtala ya auri Ajoke, Bayarabiya, a 1963. Babangida ya auri Maryam 'yar Asaba a 1969. Ina aka fashe? Mu nan Zango kuwa ai da wuya ka sami gidan da ba a gauraya ba.

Uwar Biyu: Yaya, ban ce kada a yi ba, ga ni a ciki. Ɗan Fagge, ku tura manya Ibadan tun yanzu a yi magana ɗalla-ɗalla. Mu Hausawa, iyayen amarya ke yin kayan ɗaki da gara. Su kuwa takardar kaya za su miƙa muku, doya, zuma, goro, kuma ango zai kwanta rub da ciki ya gaida surukai. Ku sa kawun a cikin masu tafiya, ya ga gidan da idonsa.