Wai akwai masu zama a tsibirin Gore ko gidan tarihi ne kawai?

Maijidda:
Slm ƴan uwa. Dan Allah wa ya taɓa zuwa tsibirin Gore na Sanagal? Kullum in an yi maganarsa sai dai a nuno maka ƙofar nan da ake cewa bayi in sun fita ta nan ba dawowa, sai kuma hoton Obama yana tsaye a bakinta a 2013. Ni tambayata, gari ne da mutane ke kwana suna tashi ko da yamma ana kulle wajen kowa ya watse?

Baban_Ummi:
Wslm ƙanwata, gari ne sosai. Na je sau ɗaya daga Dakar, jirgin ruwa ake shiga kamar minti 20 kin isa. Wajen ɗan mitsitsi ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, mutanen ciki ma ba su kai dubu biyu ba, kuma babu mota ko ɗaya, ƙafa ce kawai a lunguna masu yashi tsakanin tsofaffin gidaje ja da ruwan ɗorawa. Abin da ya fi burge ni shi ne bakin tashar, jirgi na tsayawa gari ya cika da hayaniya, masu sayar da zane da sarƙoƙi su yo kanki, yara na ta faɗawa ruwa, jirgi na juyawa kuma sai wajen ya yi tsit kamar ba shi ba. Rayuwarsu duk a kan lokacin jirgin nan take, ma'aikaci ya bi shi zuwa Dakar da safe, kayan miya su zo a cikinsa. Akwai masallacin dutse na wajen 1890 can gindin tudu daf da teku, a nan na yi azahar, igiyar ruwa na dukan duwatsu a bayana. Coci ma akwai tun 1830.

Malam_Tarihi:
Bari in ƙara kaɗan. Turawan Fotugal ne suka fara zuwa a 1444, sunan Gore kuma daga ƴan Holan ya samo asali, Wolof su Ber suke ce masa. Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingilishi ma sun sha karɓewa suna mayarwa, duk saboda jirgi na samun mafaka a wajen. Gidan bayin da ƙofar nan take cikinsa an gina shi wajen 1776, kuma irin gidajen nan da yawa na wasu mata ne da ake kira sinyar, ƴan ƙasa ko ruwa biyu da suka auri Turawa ƴan kasuwa suka tara dukiya, su ma da nasu bayin, wannan ɓangaren ba a cika son faɗa ba.

Amma ni abin da ke ban haushi, an manta cewa garin makaranta ne. A 1913 aka kawo makarantar horar da malamai ta William Ponty can kafin daga baya a ɗauke ta, Houphouët-Boigny da Modibo Keita da Diori Hamani, shugabannin farko na Kwaddibuwa da Mali da Nijar, duk sun zauna a ajinta. Blaise Diagne, baƙar fata na Afirka na farko da aka zaɓa majalisar Faransa a 1914, haifaffen Gore ne. Yanzu ma akwai makarantar kwana ta ƴan mata ta Mariama Ba, sai wadda ta yi zarra a jarrabawa ake ɗauka.

Ɗan_Zaki:
Malam to maganar miliyoyin bayi da aka ce sun bi ta ƙofar fa? Na ga wasu na cewa ƙarya ce.

Malam_Tarihi:
Ƙarya ta yi nauyi. An yi cinikin bayi a Gore, babu ja. Adadin ne masana irin su Philip Curtin suka ce an zuzuta, don tashoshi kamar Wida ta Benin da Luwanda ta Angola sun fi shi fitar da mutane nesa ba kusa ba. UNESCO dai ta sa shi cikin wuraren tarihi tun 1978 a matsayin wurin tunawa.

Maijidda:
Kai na gode wlh, ashe ni ƙofa kawai na sani. Yaya Baban Ummi ana samun wurin kwana a ciki ko dole a koma Dakar?

Baban_Ummi:
Ana samu, ƙananan masauki ne. Ni dai ban kwana ba, jirgin yamma na biyo, har yau ina cizon yatsa.