Firizar maƙwabciya na cinye mana wuta: in sabunta haya ko in tashi?

Maman Sadiya: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma lokaci ya kusa ƙure mini. Ina haya a Aboabo, nan Kumasi, ɗaki ɗaya da ɗan baranda, ni da yara biyu, babansu yana aiki a Takoradi sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Ɗaki tara ne a gidan, mita ɗaya muke sha, ta firifed. Da foyin muke raba kuɗin: ƙwan lantarki foyin ɗaya, fanka ɗaya, talabijin biyu, firij uku. Matar da ɗakinta ke kallon nawa ta shigo da ƙatuwar firiza tana daskarar da sobolo, wato zoɓo, da ruwan leda tana sayarwa, amma har yau foyin uku take biya kamar mai ƙaramar firij. Kiredit ɗin da ke kai mu kusan wata, yanzu ko rabin wata ba ya gani. Wuta ta ɗauke da tsakar dare, kowa ya yi lamo a ɗakinsa yana jiran wani ya saya da momo, wato kuɗin da ke cikin waya. Ga ruwan wanke-wanke da take sheƙawa a bakin ƙofata, ga shanya a igiyata. Ƙanwar matar mai gidan ce, don haka kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Hayata za ta ƙare ƙarshen watan gobe. Mai gida yana son adibas na shekara ɗaya, sidi 300 a wata. Na sami wani ɗaki can cikin Sawaba mai mitarsa daban, 380, amma shekara biyu suke so, kuma makarantar yara ta yi nisa. Na riga na roƙi mai gida ya bar ni in raba mita, ya ce ba wanda zai huda masa bango. In biya in zauna, ko in ci bashi in tashi?

Ɗan Alabar: Wa alaikumus salam. Ki raba mita kawai ki huta.

Maman Sadiya: Yayana, na faɗa a sama, mai gidan ya ƙi.

Hajiya Mai Atamfa: 'Yata, haƙuri. Maƙwabci yana da haƙƙi. Ki kai mata ɗan abinci ranar Juma'a, za ki ga ta yi laushi.

Sisto: Hajiya, wadda ta ci wutar mutum takwas, kwano ɗaya na tuwo zai ishe ta kuwa?

Baba Tela: Yarinya, tattara kayanki. Ni da kike gani mita ɗaya ta zubar mini da mutunci a Asawase, har yau ban gama warkewa ba.

A 2015 ne, lokacin dumso, wuta ta zo yau ta tafi gobe. Mitarmu ta bil ce, ba firifed ba, kuma da yake ni ne nake wuni a gida kan keken ɗinki, sai aka ɗora mini karɓar kuɗi. Na sayi littafi, na ja layi da rula, sunan kowane ɗaki da foyinsa, wanda ya biya in sa masa alama da jan biro. To wuta ba ta zama, amma bil sai hawa yake. Na rasa gane kan abin. Wata asuba na fito alwala, gida tsit, duk ƙwayaye a kashe, sai na ga mita tana gudu. Na bi ƙofa ƙofa ina kasa kunne. A ɗakin wani saurayi da ya rubuta ƙwai ɗaya da rediyo, sai na ji ruwa na tafasa. Hita ce a cikin bokiti, ga kuma murhun lantarki a ƙarƙashin gado ana dafa wake. Soket ɗin bangon har ya narke ya yi baƙi. Ashe matar da ke sayar da wake da shinkafa a bakin titi yake dafa wa, tana ba shi na kashewa.

Na kai magana ga mai gida, ya ce mu sasanta, mu duka 'ya'yansa ne. Bashi ya taru. Na riƙa cikawa daga aljihuna don kada a yanke, saboda ƙarfen guga da keken surfani duk da wuta suke. Ana cikin goman ƙarshe na azumi, yaron nan ya kira aboboya, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, da daddare ana ruwan sama, ya kwashe komatsansa ya gudu. Sai katifa ruɓaɓɓiya ya bari. Aka zo aka yanke wutar, ni kuwa ɗinkin Salla jibge a ɗaki. Mata suna zuwa suna zagina a tsakar gida, wata ta ƙwace shaddarta a yanke ko haɗawa ba a yi ba. Abin da ya fi ci mini rai, mutanen gidan da na rufa wa asiri su ne suka ce ni na cinye kuɗin. Har gaban dattawan masallaci aka kai ni. Littafin nan ne ya fitar da ni, amma kin san Zango, wanda ya ji zargi ba lallai ya ji wankewa ba.

Hajiya Mai Atamfa: Allah sarki Malam. Allah ya bi maka haƙƙinka.

Ummu Hanan: Ka ƙara ganin yaron?

Baba Tela: Na gan shi a Kejetia yana sayar da kayan waya. Ya gaishe ni da "Baba, kwana biyu". Ko kunya.

Ɗan Alabar: Shi ya sa na ce a raba mita. Ni 900 na kashe gaba ɗaya.

Ummu Hanan: Wace shekara ke nan? Ni bara 2,500 na ba wani mai cewa ya san hanya, ya yi ta ja mini rai, daga baya ma ya ce in ƙara na waya da na allo.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai miliyan ashirin ɗana ya biya.

Sisto: Miliyan ashirin? Hajiya, mita kika saya ko madatsar Akosombo?

Abdul Lissafi: Da tsohon kuɗi take magana. Tun watan Yuli na 2007 aka cire sifili huɗu, dubu goma ta koma sidi ɗaya, amma iyayenmu ba su sauya baki ba. Miliyan ashirin ɗinta 2,000 ke nan. Maman Sadiya, abin da ba wanda ya faɗa miki: dokar haya ta 1963, wadda ake kira Act 220, ba ta yarda mai gida ya karɓi adibas da ya wuce wata shida ba. Daga mai son shekara ɗaya har mai son biyu, duk sun saɓa. Ki je ofishin Rent Control ki kai ƙara.

Ummu Hanan: Abdul, a gidan babanka kake kwana, tuwon mamanka kake ci. Ka taɓa tsayawa gaban mai gida ka karanta masa doka? Kafin ka rufe baki ya ba wani ɗakin, mutum goma na layi da kuɗinsu a hannu.

Abdul Lissafi: Anti, zaman gidanmu bai soke dokar ba.

Ummu Hanan: Bai soke ba, amma ba kai za a watso wa kaya waje ba. A bar waɗanda suka ɗanɗana su yi magana.

Boga Jamus: Ƙanwata, duk wannan ɓata kuɗi ne. Ki haɗa na shekara biyun ki sayi fili wajen Kenyase, ki fara da ɗaki ɗaya. Nan inda muke kowa da mitarsa, ƙarfe goma na dare ko tari mai ƙarfi ba ka isa ka yi ba.

Sisto: Boga ya iso. Da dubu tara za ta sayi filin, ko za ka turo cikon?

Baba Tela: Wanda ya shekara ashirin bai sayi ko buhun siminti da hannunsa a Kumasi ba, ya daina yi mana lissafin fili.

Alhaji Mai Goro: Ku bar ni in yi magana a matsayin mai gidan haya, tunda kun mai da mu dodanni. Adibas ɗin da kuke kuka da shi, da shi muke gyara rufi da yashe masai, ɗan haya kuwa ya fasa ƙofa ya tafi ko sallama babu. Amma gaskiya ɗaya ce, firizar kasuwanci ba foyin uku ba ce. A gidana akwai mai irin wannan sana'a. Ƙaramar mita na sa aka ɗaura mata a cikin ɗaki, irin wadda ake sayarwa a shagunan kayan wuta a Adum. Ba ruwanta da kamfani, ba a fasa bango, kan layin ɗakin kawai ake ɗora ta. Ƙarshen wata a karanta abin da ta sha ta biya, sauran a raba da foyin. Da kuɗin mai gyara duka 250 ya ci mini. 'Yata, kada ki je ke kaɗai. Ki tara sauran 'yan hayan ku same shi tare, ku ce ku za ku saya. Kuma ku yi maganar kafin ki miƙa adibas, don da zarar kuɗi ya shiga aljihunsa bakinki ya mutu.

Ɗan Alabar: 250 ina? Ta kirki ba ta kasa 600. Masu arahar nan gudu suke yi yadda suka ga dama.

Baba Tela: Ku tara 'yan haya? Hmm. Za su ce miki "muna bayanki", ranar zuwa ki waiga ba kowa. Ni na gani da idona.

Maman Sadiya: Alhaji na gode, wannan ta shige ni. Amma in matar mai gidanmu ta sa baki fa? Ita ce mai gidan a zahiri. Kuma ba wanda ya ce mini komai kan Sawaba. Akwai mai zama can? Yaya ruwan famfo, yaya hanya da damina?

Direban Pragya: Hanya lafiya lau in ba a kafa kanofi ba. Ni abin da ke ƙona mini rai ke nan a Zangon nan gaba ɗaya. Daga Juma'a zuwa Lahadi, aure, suna, addu'ar bakwai, addu'ar arba'in, kowa ya fito da kanofi da kujerun roba ya toshe titi, ko sanarwa babu. Ranar Lahadi na ɗauko mace mai naƙuda a pragya, keken fasinja mai ƙafa uku, na shiga lungu na tarar an rufe, na juya ta wani nan ma an rufe. Na roƙi a ɗaga kujera biyu in wuce, wata mata da gwaggwaro ta ce ba na ganin ana liƙi ne?

Ummu Hanan: Ga sifiku. A jera su bakin tagar mutum har ƙarfe ɗaya na dare, yaro na da jarrabawa da safe. In ka yi magana a ce baƙin ciki kake.

Hajiya Mai Atamfa: To a ina za mu yi? Gidajenmu ba fili, kuɗin hol kuwa sai wane da wane. Ranar auren 'yarka kai ma a titi za ka kafa.

Sisto: Ku 'yan pragya har kuna da bakin magana? Ku da kuke tsayawa tsakiyar titi ku ɗauki fasinja, ga kiɗa kamar gidan rawa.

Direban Pragya: Ni minti ɗaya nake tsayawa, su kwana uku.

Abdul Lissafi: A ƙa'ida sai an nemi izini kafin a rufe hanya. Aboabo da Sawaba da Asawase duk ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong suke tun 2012, can ya kamata a kai kuka, ko a sami asambuliman, wakilin unguwa a majalisar.

Ummu Hanan: Ya sake dawowa da dokarsa.

Alhaji Mai Goro: Ni ban hana biki ba, amma a bar gefe ɗaya ko keke ya wuce. Da can dattawan unguwa ke tsawatarwa.

Direban Pragya: Alhaji, da girmanka, kanofin da ya hana ni wucewa ranar Lahadin nan a layinku yake, wajen masu goro. Na ga motarka a gefe.

Alhaji Mai Goro: Sunan jikan ƙanena ne, ba nawa ba. Ni gayyata aka yi.

Sisto: Amma kujerar gaba aka ba ka, Alhaji, akwai hoto.